Kwana Huɗu a Rejistar Firigo

Litinin, 30 ga Oktoba 2017, bayan sallar asuba

Lauratu ta sha rabin kofin koko, ta ce sukari bai ji ba. Alhamdulillahi. Tunda ta fara ƙorafi, sauƙi ya zo. Yau kwana biyar da aka sallame ta daga asibiti, kuma jiya ta taka daga ɗaki zuwa gindin mangwaro ba tare da 'yarmu Hindu ta riƙe ta ba.

Wannan kaye, wato littafin rubutu, sabo ne, a kasuwar Roumdé Adjia na saye shi. Shekara ashirin da takwas ina aiki a labon ƙungiyar makiyaya, ina rubuta sanyin firigo da ƙidayar jinin shanu, ban taɓa rubuta abin da ke raina ba. Ban san me ya sa na fara yanzu ba.

Na sani mana.

Litinin ɗin dai, ƙarfe huɗu na yamma

Dokta Fulbert, shugabanmu, ya kira ni ofis. Shanu tara sun mutu a wata ruga bayan Ngong, a garken Arɗo Hamadu, mako guda bayan mun yi musu allurar ciwon huhu. Arɗo ya ce allurarmu ce. Sauran rugage sun ce kada motarmu ta sake shigowa. Masu ɗaukar nauyin binciken za su turo mutum biyu daga Yawunde.

Dokta ya ce, "Malam Sulaimanu, kawo mini rejistar firigo. Ita ce garkuwarmu. Kowa ya san rubutunka."

Na kai masa. Ya buɗe shafin Oktoba, ya bi da yatsa, ya ce, "Huɗu, huɗu, biyar, huɗu. Madalla." Ya rufe.

Na ɗauki rejistar na mayar da ita wurinta.

Talata, 31 ga Oktoba, tsakar rana

An kawo wuta da wuri yau. Firigo na kan digiri huɗu. Wannan na gani da idona.

Alhamis, 2 ga Nuwamba, bayan la'asar

Mutanen Yawunde sun zo, namiji da mace. Macen ta fi tambaya. Ta ce in bayyana mata aikina kamar ba ta san komai ba. Na ce allurar tana son sanyi tsakanin digiri biyu zuwa takwas. Safe da yamma ina buɗe firigo, in duba ma'auni, in rubuta, in sa hannu. In ya wuce takwas ya daɗe, allura ta zama ruwa.

Ta ce, "To allurar da ta lalace tana kashe saniya?"

Na ce a'a, ba ta kashewa, sai dai ba ta karewa. Wannan gaskiya ne, kuma na ji daɗin faɗarsa. Ta ce duk da haka za su bi komai daga tushe. Ta juya rejistar, ta nuna wa abokin tafiyarta, ta ce da faransanci a labo goma da ta zaga ba ta ga littafi mai tsabta irin wannan ba, babu gurbi ko ɗaya.

Na ji sanyi a raina na kamar minti biyu. Sai na fita na tsaya bayan janareta.

Shanu dubu uku da ɗoriya muka yi wa allura daga wannan firigon. In ruwa muka tsira musu, ciwon huhu zai same su a buɗe da rani, masu su kuma suna zaton an kare su. Binciken Berthe ma na shekara uku a kan waɗannan shanun yake. Berthe ita ce matashiyar da ke digirinta na uku a wurinmu, yanzu tana Ngawundere wajen malamanta.

Ranakun da ke damuna a rejistar su ne sha biyu zuwa sha biyar ga Oktoba. Ranar Asabar ɗin cikinsu an ɗauke wuta a duk garin, har asibiti sai da suka tayar da injinsu. Ina wurin, na ji tashinsa.

Juma'a, 3 ga Nuwamba, bayan masallaci

Lauratu ta yi wanka da kanta. Alhamdulillahi. Ta ce na rame fiye da ita.

Litinin, 6 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Berthe ta dawo. Ta shigo da kwalin zuma, ta gaishe ni da fulatanci, ta ce, "Baba Sulai, jam na? Yaya jikin Mama? Sai jiya Yaya direba ya gaya mini. Me ya sa ba ka faɗa wa kowa ba?"

Na ce jam, da sauƙi, ba abin tayar da hankali ba ne.

Lauratu ce ta ce kada a faɗa. Abin da aka cire mata ba abin da ake yawo da sunansa ba ne a unguwa. A makon, Dokta yana Yawunde, Berthe tana Ngawundere, makullin ɗakin sanyi yana aljihuna. Na yi niyyar in riƙa leƙawa kowace safiya. Babur ba ya cin minti ashirin daga asibiti. Amma ranar Alhamis ɗin da aka shiga da ita ɗakin tiyata ba ta farfaɗo a lokacin da suka ce ba, ranar Juma'a kuma aka koma da ita ciki.

Da muka zauna da mutanen Yawunde, Berthe ta ce, "Ai akwai ƙwarona a cikin firigon. Ba wanda ya karanta shi?"

Ni na raɗa masa wannan sunan. Wata 'yar na'ura ce kamar kwalin ashana, mai ƙyafta koren ido, ta rataye ta a bayan kwalayen allura tun watan Yuni. Duk kwata na awa tana auna sanyi tana adanawa. Ranar da ta kawo ta na ce a gaban kowa, ƙwaro ba ya sa hannu, in ya yi ƙarya wa za a kama? Aka yi dariya. Ita ma ta yi dariya, amma ta rataye abinta. Wallahi na manta da shi.

Wayar da ake jona shi da kwamfuta ta bar ta a Ngawundere. Za a aiko ta a motar haya. Macen Yawunde ta ce ranar Litinin mai zuwa a karanta shi a gaban kowa.

Kwana bakwai.

Talata, 7 ga Nuwamba, da safe

Huɗu. Na gani. Na sa hannu.

Laraba, 8 ga Nuwamba, bayan azahar

Kowa ya tafi cin abinci. Na buɗe firigo, na ture kwalaye, na ciro shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. A gefena akwai bokitin ruwan da muke jiƙa kwalabe, cike.

Na daɗe a tsaye. Firigon ya fara kukan da yake yi in an bar ƙofarsa a buɗe.

Abin da ya zo mini shi ne shanun nan dubu uku. Duk duniya ba wanda ya san ko allurarsu na da rai sai wannan abin da ke tafin hannuna. Ni ban sani ba. Rejistata ba ta sani ba.

Na mayar da shi inda yake, na ɗaure zarensa yadda ta ɗaure. Da na rufe ƙofar sai na zauna a ƙasa. Amma na ci tuwon rana har na nemi ƙari, abin da rabona da shi tun Oktoba.

Alhamis, 9 ga Nuwamba, bayan magariba

Na roƙi Dokta ya bar ni in je rugar. Ya ce za su jefe motar. Na ce ni tsoho ne, kuma ina jin fulatanci. Yaya ya kai ni. Shingen sojoji uku muka wuce kafin Ngong.

Arɗo Hamadu dogo ne, fari, idonsa ɗaya ya soma hazo. Daga wajen Mora ya taso da iyalinsa shekara biyu da suka wuce, lokacin da rikicin 'yan bindiga ya yi tsanani a can. Da shanu ɗari da ashirin ya fito, da arba'in da ɗaya ya iso. Yanzu saura talatin da biyu. Bai jefe mu ba. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo nono, sannan ya ce:

"Modibbo, mutanen daji sun ci rabonsu, hanya ta ci nata. Waɗanda suka rage ni na kawo muku su da hannuna."

Na ce ya gaya mini yadda suka mutu. Ya ce da safe lafiya suka fita. Kafin rana ta take sun fara haki, suna rawar jiki, suna faɗuwa. Biyu sun samu yanka. Na ce yaya jinin yake? Ya ce abin da ya ba shi mamaki ke nan, ja ne jawur, kamar zoɓon da aka tace, bai yi duhu ba.

Sai na ji wani abu ya motsa a kaina. Na taɓa rubuta wannan maganar. Ban tuna shekarar ba, amma na tuna a hannun dama na shafi take, da shuɗin biro.

Na tambaya wa ya fita da su ranar. Ya nuna ƙanensa Buba, magidanci mai kamar shekara arba'in. Na ce ina suka yi kiwo? Buba ya ce bakin rafi, inda suka saba. Bai ɗago kai ba. Na san irin wannan sunkuyon.

Juma'a, 10 ga Nuwamba, ƙarfe uku

Na same shi. Kaye na shekarar 1994, a ƙasan kwalin da ke sito. Gara ta ci gefensa, amma shafin na nan: shanu shida a wani ƙauye kusa da Pitoa, haki, rawar jiki, mutuwa cikin awa biyu, jini ja jawur. Sun shiga gonar da aka girbe, sun ci gyauron dawa da ya tofo bayan wani ruwan ƙarshe. Ɗanyen gyauro irin wannan guba ne.

Bana ma an yi ruwa ɗaya bayan an ɗauka damina ta wuce.

Na kai wa Berthe. Ta karanta a tsaye, ta ce, "Baba Sulai, kwali nawa ne irin wannan a sito?" Na ce goma sha ɗaya. Ta dafe kai. Ta ce in da a kwamfuta suke, da ta rubuta "jini ja" tun makon jiya ta samu cikin daƙiƙa. Na ce in da ban rubuta ba fa, me za ki samu? Ta ce, "Ka kayar da ni." Ta ɗauki hoton shafin da wayarta.

Ta yi murna sosai har ta riƙe hannuna. Na kusa faɗa mata. Sai Yaya ya shigo neman makullin mota.

Asabar, 11 ga Nuwamba, bayan la'asar

Mun koma rugar da Berthe. Ban tuhumi kowa ba. Na karanta wa Arɗo shafin, ina juya shi da fulatanci, Buba yana zaune a bayansa. Da na kai wurin gonar, Buba ya tashi, ya zagayo gaban yayansa, ya durƙusa.

Ya ce ciyawar bakin rafi ta ƙare. Ya ga gonar wani manomi an girbe, ta yi kore shar, ba kowa. Ya san gyauro, amma ya ce na ɗan lokaci ne, su ɗan taɓa. Da suka fara faɗuwa ya kora su zuwa rafi don kada a gane inda suka shiga. Su baƙi ne a nan, in mai gona ya kai ƙara za a iya tashin rugar gaba ɗaya.

Arɗo ya dubi ƙanensa. Sannan ya ce, "Kwana goma sha bakwai kana kallona ina zagin mutanen da ba su yi mini komai ba."

Buba ya ce, "Kullum ina cewa gobe zan faɗa."

Na kalli ƙasa.

Arɗo ya juyo ya ce in yafe masa. Ni. Ya ce zai aika wa sauran rugage da bakinsa. Buba ya kai mu gonar, Berthe ta yanki gyauron ta sa a leda don a gwada. A mota tana ta waƙa. Ta ce saura ƙwaro ya tabbatar da rejistata ranar Litinin, shi ke nan an gama.

Lahadi, 12 ga Nuwamba, da hantsi

Wayar jona ƙwaro da kwamfuta ta iso daga Ngawundere.

Litinin, 13 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Na riga kowa zuwa. Na sa farar riga mai guga. In Dokta ya shigo zan bi shi ofis kafin ya ajiye jaka. Na rubuta a nan don kada in fasa.

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Na faɗa.

Na ce a kira Berthe ma, don aikinta ne. Na buɗe shafin Oktoba na sa yatsa a kan layuka takwas, safe da yamma na kwana huɗu. Na ce waɗannan ban gan su ba. Ranar Litinin sha shida ga wata na zauna na cika su a zama ɗaya, da biro ɗaya, na sa hannu sau takwas. Na ce ina asibiti.

Dokta ya cire tabarau. Ya ce, "Kai, Sulaimanu? Kai?"

Berthe ba ta dube ni ba. Ta ce, "Na sa waɗannan lambobin a babi na uku na kundin digirina." Muryarta a ƙasa. Da ta yi mini tsawa da ya fi mini sauƙi.

Ƙarfe goma aka taru da mutanen Yawunde. Dokta ya gaya musu da kansa. Macen ta rubuta wani abu. Berthe ta jona ƙwaron. Wani layi ya fito a fuskar kwamfuta, a kwance, yana ɗan rawa tsakanin uku da biyar, tun daga Yuni. Ta matso da shi zuwa Oktoba.

Alhamis, a kwance. Juma'a, a kwance. Asabar da ƙarfe ɗaya na rana ya fara hawa. Janareta bai tashi ba, ashe. Biyar. Shida. Ina jin numfashin Yaya a bayana, ya leƙo daga ƙofa. Shida da rabi. Bakwai. Bakwai da ɗigo huɗu, ƙarfe shida da kwata na yamma.

Sai ya juya ƙasa. An kawo wuta.

Berthe ta ce, "Bai kai takwas ba." Ta sake faɗa da faransanci. Macen Yawunde ta matso ta duba da kanta, ta ce allurar lafiyarta ƙalau. Ta ƙara da cewa abin da ya taimaka shi ne ba wanda ya buɗe ƙofar a ranar, da an buɗe da yamma da sanyin ya fita.

Ba wanda ya yi dariya. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini a gaban sa'o'in 'ya'yana, ban ma share ba.

A rejistata, yammacin wannan Asabar ɗin, na rubuta huɗu.

Talata, 14 ga Nuwamba, da safe

Na yi barci har Hindu ta tashe ni salla. Shanu dubu uku. Alhamdulillahi, alhamdulillahi.

Alhamis, 16 ga Nuwamba, ƙarfe biyar

An ba ni takardar gargaɗi, za ta shiga fayil ɗina. An karɓi makullin ɗakin sanyi an ba Marie, ta ɓangaren gwajin jini. Dokta ya ce mutanen Yawunde sun so a yi fiye da haka, ya ce musu mutumin ya faɗa da bakinsa kafin na'ura ta faɗa. Ya ce daga yau za a riƙa karanta ƙwaron duk Juma'a, rejista kuma ba za a daina ba, sai dai mutum biyu za su riƙa sa hannu.

Na miƙa makullin. Na zaci zai yi mini ciwo fiye da haka.

Gwajin gyauron ya fito, shi ne.

Berthe ba ta yi mini magana ba tun Litinin, sai gaisuwa. Tana bin duk shekara ukun, tana gwada lambobina da na ƙwaron daga Yuni zuwa yau. Tana da gaskiya.

Juma'a, 17 ga Nuwamba, bayan masallaci

Ta zo ta tsaya a bakin teburina da takarda. Ta ce, "Wata biyar, Baba Sulai. Ban da kwana huɗun nan, ba inda kuka saɓa da shi fiye da rabin digiri."

Na ce na baya fa, kafin ki rataye shi? Ba ki da mai shaida.

Ta ce, "Akwai wani gurbin da ka cika?"

Na ce babu.

Ta dube ni sosai, sannan ta ce to. Ta ce za ta rubuta abin da ya faru a babin yadda yake. Kuma daga Litinin za mu fara ɗaukar hoton kwalayen nan goma sha ɗaya, shafi shafi, ni in karanta ita ta buga, don rubutuna na da can ba mai iya karanta shi sai ni. Na ce wata nawa zai ci? Ta ce sai dai in ɗaga ritayata.

Lahadi, 19 ga Nuwamba, bayan la'asar

Arɗo Hamadu ya aiko da man shanu a kwalba. Rugage biyu sun ce mota ta zo ranar Laraba.

Lauratu ta tambayi daga ina man yake, sai na zauna kusa da ita na ba ta labarin tun daga farko. Ba ta san komai ba sai yau. Tana tsince shinkafa a faranti, ba ta katse ni ba har na kai ƙarshe. Na zaci za ta ce saboda ita ne, ta fara kuka, har na shirya abin da zan ce.

Ta ajiye farantin. Ta ce, "Baban Hindu, wannan rejistar taku, ba ta da wurin da ake rubuta bayani?"

Na ce akwai, a gefen dama.

Ta ce, "To me ya hana ka rubuta 'ban zo ba, matata ba ta da lafiya'?"

Na ce ke kika ce kada a faɗa wa kowa.

Ta ce, "Cewa na yi kada ka faɗi abin da aka cire mini. Ban ce ka ce ba ka da mata ba."

Ta ɗauki farantinta ta ci gaba da tsinta. Can ta ce in tashi in kira Hindu ta ɗora ruwa, yau da man nan za a ci shinkafar, kuma ita za ta dafa.